Waiwaye: Kama da Wane Ba Ta Wane, Neman Makunnin Tsohon Jirgi

A shekarar 1978 kamfanonin Amurka sun fitar da ƙananan jiragen sama 17,811, kuma tun daga lokacin ba a sake kai wannan adadi ba. Galibinsu daga Wichita ta jihar Kansas suka fito, garin Cessna da Beechcraft, wasu kuma daga masana'antun Piper da ke Pennsylvania da Florida. Dubban waɗannan jirage, da yayyensu na shekarun 1950 da 1960, suna nan suna tashi har gobe. Da su ake koya wa ɗalibai tuƙi, da su manoma ke zagaya gonaki, kuma sau tari jirgin ya girmi wanda ke tuƙa shi.

Manyan sassan jirgi kowa na sa musu ido. Inji yana da lokacinsa: kamfanin Lycoming ya ba da shawarar a kwance injinsa samfurin O-320, wanda ke cikin Cessna 172 da yawa, a yi masa garambawul bayan awa 2,000. Farfela ana duba ta, fiffike ana leƙa cikinsa duk shekara. Amma a ƙasan allon da ke gaban matuƙi akwai jerin 'yan ƙananan makunnai, na fitilar sauka, na fitilun gefe, na famfon mai, na rediyo, waɗanda ba kasafai ake ƙirga musu awa ba. Wani tun ranar da aka ɗaura shi a masana'anta yake nan, ana danna shi safe da yamma shekara arba'in ko hamsin. Ran nan sai matuƙi ya ji makunnin fitilar sauka ya yi ɗumi a yatsarsa, ko ya lura ƙarar “ƙas” ɗin da ya saba ji ta yi laushi, ko fitilar ta riƙa ƙyaftawa. Wani kuma wari zai fara ji, warin roba mai ƙonewa, yana can sama inda babu gefen titin da za a faka a duba.

Daga nan ake shiga neman madadi, kuma a kan wannan nema nake so mu tsaya yau.

Me zai sa abin da bai fi babban yatsa ba ya yi wuyar samu? Amsar tana cikin tarihin sana'ar. Bayan ganiyar 1978 kasuwa ta faɗi warwas. Tsadar mai, hauhawar kuɗin ruwa, da ƙararrakin neman diyya da ake kai kamfanoni a kan jiragen da suka daɗe da barin hannunsu, duk suka taru wuri ɗaya. A 1986 Cessna ta daina ƙera jiragenta masu injin fistin kwata-kwata. A 1994 ƙananan jiragen da aka fitar a faɗin Amurka ba su kai 1,000 ba. A wannan shekarar ce aka yi dokar da ta hana kai kamfani ƙara a kan jirgi ko kayan jirgin da ya wuce shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi, sannan Cessna ta dawo bakin aiki a 1996 a sabuwar masana'anta a garin Independence. To amma a tsakanin nan, ƙananan kamfanonin da ke kawo makunni da fis da waya, wasu sun rufe, wasu manya sun haɗiye su. Cutler-Hammer, wanda sunansa ke jikin makunnan tsofaffin jirage da yawa, ya koma hannun Eaton tun ƙarshen shekarun 1970. Ita kanta Cessna ta shiga hannun General Dynamics a 1985, ta koma na Textron a 1992. Shekaru na tafiya lambobin kaya na sauyawa: wannan an maye ta da waccan, waccan ma an maye ta, ta uku kuma dillali ya ce an daina yi.

Ga mai jirgi nan tsaye da tsohon makunni a tafin hannu. Jirgi na kwance, kuɗin hayar rumfa na tafiya. Ya shiga shagon kayan mota ko na kayan lantarki, sai ga makunni a rataye, baƙi kamar nasa, faɗinsu ɗaya, ƙafafu biyu a baya, an rubuta amfiya 15 ko 20 a jiki, kuɗinsa 'yan daloli. Na asali kuwa, in ma an same shi, ninkin-ba-ninkin wannan ne. Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta raya masa ya saya ba. Sai dai abin da ke sa makunni ya dace ko ya ƙi dacewa, kusan dukkansa a ɓoye yake, ido ba ya kai gare shi.

A fara da irin wutar. Wutar gida kai da komo take yi, a Nijeriya da Nijar sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, ke nan a kowace daƙiƙa ƙarfinta yana sauka sifili sau 100 ko 120. In aka kashe makunni, ƙarafa biyun da ke ciki suna rabuwa, tartsatsi ya tsallaka tsakaninsu, amma da wutar ta zo sifili sai tartsatsin ya mutu don kansa. Wutar batir, wadda ƙaramin jirgi ke aiki da ita, ba ta da wannan hutu. Hanya ɗaya take bi, tartsatsin kuma ba ya yankewa sai tazarar ta yi masa nisa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai walda ya ga wannan tartsatsi a girmansa. Ɗan ƙanƙaninsa ne ke cin bakin ƙarafan makunni sannu a hankali, ya bar su da ƙuraje da baƙin toka. Baki mai ƙuraje ba ya haɗuwa da kyau, inda haɗuwa ta yi rauni nan zafi ke taruwa, zafi ya kashe sifirin, sifirin da ya saki ya ƙara ɓata haɗuwar. Haka abin ke cin kansa har roba ta narke, ko ƙarafan su manne, a kashe makunni wuta ta ƙi mutuwa. Saboda haka amfiya 20 da aka buga kusa da haruffan AC, alamar wutar gida, ba ta gaya wa kowa abin da makunnin zai jure a wutar batir ba. Lambar da ke kusa da DC, alamar wutar batir, ake nema. In babu ita a jikinsa, babu kuma a takardar kamfanin da ya yi shi, a mayar da shi inda aka ɗauko.

Abu na biyu ya fi wannan ɓuya. Zaren kwan fitila in yana da sanyi ba ya tare wuta kamar in ya ɗau zafi, don haka a ƙiftawar ido ta farko yana zuƙar ninki goma ko fiye na abin da zai riƙa ci daga baya. Ƙaramin injin lantarki shi ma haka yake yi lokacin tashi. Kwil kuwa nasa halin wajen kashewa yake fitowa, sai ya yi harbi baya da wuta mai ƙarfi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da wani kundi da makanikai ba sa nisa da shi, AC 43.13-1B, wanda ta fitar a 1998. A babi na 11 akwai ɗan jadawalin da ke nuna yadda za a ninka abin da kaya ke ci kafin a zaɓar masa makunni. A jirgi mai bolt 12, fitila a ninka sau 5, inji da kwil sau 2, hita a bar ta yadda take. A mai bolt 28, fitila sau 8, kwil sau 4, inji sau 3, hita sau 2.

Mu gwada da kwan da ya fi yawa a hancin tsofaffin jirage da fikafikansu, mai lamba 4509. Wat 100 ne a bolt 13, ke nan yana cin kusan amfiya 8. A ninka sau 5, ana neman makunni mai kusan amfiya 40, sai fa in kamfanin da ya yi makunnin ya faɗi a rubuce abin da zai ɗauka na fitila, a bi wannan. Yanzu a dubi na shagon nan mai amfiya 15. A ido ya kusa ninka abin da fitilar ke ci, mutum ya ce ai ma na yi sakaya. A lissafi bai kai rabin abin da ake bukata ba. Zai kunna fitilar yau, zai kunna ta gobe, kuma wannan ne ya sa nake jin tsoronsa, domin makunnin da ya ƙi aiki tun a ƙasa bai cuci kowa ba.

Sunan jirgi ma bai wadatar ba. A ce wa dillali “Cessna 172 ce” kamar ba a ce komai ba ne, don tun 1956 ake sayar da ita, an ƙera fiye da 44,000. Na farkon suna da makunnan ja da turawa, da fis, da janareto. Daga baya aka koma makunnai masu lilo, da bireka, da altaneta. Har samfuri ɗaya yakan rabu gida biyu: 172N ta 1977 bolt 14 ce, 172N ta 1978 bolt 28, harafi ɗaya, wuta daban. Shi ya sa kundin kayan jirgi, wanda ke da zanen kowane sashe da lambarsa, ba ya aiki da suna kawai. A gefen lambar kaya ana rubuta daga jirgi mai lamba kaza zuwa mai lamba kaza, ita kuma lambar jirgin tana kan ɗan farantin ƙarfen da aka kafe a jikinsa. Daga nan ake farawa. Sai a koma littattafan tarihin jirgin a ga abin da aka sauya: ko an cire janareto an sa altaneta, ko an ƙara fitila ta biyu a kan waya ɗaya, ko an sake allon gaba ɗaya.

Wani zai ce ai da sauƙi, a karanta lambar da ke jikin tsohon a nemo irinsa. A nan ne nake so mu waiwayi wani abu da ya faru a Ingila. Babban jirgi ne, kuma noti ne ya jawo shi, amma cutar iri ɗaya ce.

Ranar 10 ga Yuni 1990 jirgin British Airways mai lamba 5390, samfurin BAC One-Eleven, ya tashi daga Birmingham zai tafi Malaga ta Sifaniya. Yana cikin hawa, ya wuce ƙafa 17,000, sai gilashin gaban matuƙi ya fice. Iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster ta tagar, rabin jikinsa a waje, ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa, mataimakinsa Alastair Atchison ya sauke jirgin a Southampton. Allah ya yi da sauran kwana, ba wanda ya rasu, har shi kyaftin ɗin. Masu bincike suka gano an canza gilashin awa 27 kafin tashin. Cikin notoci 90 da aka ɗaure shi da su, 84 kaurinsu ya gaza da milimita 0.66, sauran 6 kaurinsu daidai ne amma tsawonsu ya gaza da milimita 2.5. Wanda ya yi aikin gogagge ne, ba ɗan koyo ba, cikin dare yake aiki, yana so jirgi ya samu fita. Bai buɗe kundin kaya ba. Tsohon noti ya ɗauka ya tafi sito, ya riƙa gwadawa da ido, har a wurin da haske bai wadata ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsofaffin notocin da ya ɗauka ma'auni su ma ba su ne daidai ba, gajeru ne, an sa su bisa kuskure tun kafin nan. Ya je kwaikwayon kuskuren wani, ya kuma ɗora nasa a kai.

To jirgin da ya shekara hamsin hannu nawa ya bi? Masu shi nawa, makanikai nawa, gyaran gaggawa nawa a filin da ba kowa? Makunnin da aka ciro yau yana iya zama na mota, wani ya sa shi shekara talatin baya don ya samu ya koma gida, ya ce zai canza, ya manta, ya sayar da jirgin. Yana iya yiwuwa ma wannan ne dalilin ƙonewarsa. Wanda ya nemo irinsa sak ya sabunta cutar ke nan da kuɗinsa. Tsohon makunni abin dubawa ne, yana nuna girman rami da irin ƙafafu, amma hukunci yana wurin kundin kaya da zanen wayoyi. In suka saɓa da abin da ke hannu, sai a tsaya a gano dalili kafin a sayi komai.

Akwai kuma makunnan da aikinsu ya wuce kunnawa da kashewa, kuma su ne suka fi kayar da mai zaɓe da ido. Ga babban makunnin Cessna, ja, mai gida biyu, dama na batir, hagu na altaneta. An ƙera shi yadda za a iya kunna batir shi kaɗai, amma altaneta ba ta kunnuwa batir na kashe, in aka kashe batir sai ya ja ɗan'uwansa su tafi tare. Wutar da ke bi ta gidan batir kaɗan ce, aikinta ta rufe wani babban rile da ke kusa da batirin. Gidan altaneta kuwa in bakinsa ya ci, allurar caji sai ta riƙa rawa, a yi ta canza altaneta da regileta ana asarar kuɗi, alhali ciwon yana ƙarƙashin yatsar matuƙi. Jajayen makunnai biyu da aka jera gefe da gefe za su cike ramin, amma ba su da wannan sarƙa da ke tsakanin gidajen biyu.

Makullin inji shi ne mafi haɗari, don aikinsa a juye yake. Maganeto biyu ne ke ba fulogi wuta, da kansu suke samar da ita, ba ruwansu da batir. Makunnin yana kashe su ne ta hanyar haɗa wayarsu da jikin jirgi. Ke nan in cikinsa ya ci, ko wayar ta tsinke, injin a shirye yake ya tashi alhali makulli na aljihu, kuma wanda ya juya farfela da hannu yana iya rasa hannun ko ransa. FAA ta fitar da umarnin dole a kan wasu makunnan kamfanin Bendix a 1976, da wasu na ACS da Gerdes a 1993, duk a kan duba lafiyar cikinsu. Wanda zai sayi irin wannan, sabo ko tsoho, tilas ya duba ko yana cikin waɗanda umarnin ya shafa.

Wasu makunnan kuma bireka ne a cikin rigar makunni, musamman a jiragen Beechcraft. In aka sa makunni zalla a gurbinsu, fitila za ta kama lafiya lau, amma wayar ta zauna ba mai tsaronta, ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe babu abin da zai yanke wutar. Wasu kuma sai an riƙe su suke aiki, a saki su koma tsakiya, kamar na leɓen fiffike a wasu jiragen.

Har siffar kan makunni tana da tarihi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan jiragen yaƙi samfurin B-17 sun yi ta naɗe tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgi ya zube a kan cikinsa, ana cewa sakacin matuƙi ne. Wani matashin jami'i mai nazarin halayyar ɗan'adam, Alphonse Chapanis, ya lura makunnin tayoyi da na leɓen fiffike iri ɗaya ne, kuma kusa da juna suke. Aka sa wa ɗaya kai mai siffar taya, ɗaya mai siffar leɓen, matsalar ta ja baya, daga bisani abin ya shiga dokar ƙera jirage. Matuƙi da dare da yatsa yake gani. Wanda ya canza masa siffar makunni, ko ya juya shi kunnawa ta koma ƙasa, ya sake haƙa ramin da aka cike tun shekaru tamanin.

To ina ake samo na gaskiyar? Hanya mafi sauƙi ita ce lambar asali, ko wadda kamfanin jirgin ya ce ta gaje ta. In babu, akwai kamfanonin da FAA ta ba izinin ƙera madadi, ana buga haruffan PMA a kayansu, kuma kowanne yana zuwa da jerin jiragen da aka yarda a sa shi. A duba jerin, don izinin da aka bayar a kan wani jirgi bai shafi maƙwabcinsa ba. Akwai kuma kayan da aka yi bisa ma'aunin sojan Amurka, masu lamba da ta fara da AN ko MS. Makunni mai sanda MS35058 layi ɗaya yake yankewa, MS35059 layi biyu, lambar da ke bin bayansu kuma ita ke faɗin matsayi nawa gare shi da ko yana komowa da kansa. Amfanin irin waɗannan shi ne duk kamfanin da ya yi su ma'auni ɗaya ya bi, kuma an rubuta ƙarfinsu a wutar batir. A 2009 FAA ta amsa kukan masu tsofaffin jirage ta fitar da AC 23-27, wadda ta shimfiɗa yadda za a maye wani abu da wani a ƙananan jiragen da aka amince da samfurinsu kafin 1980, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 5,670 ba. Ta sauƙaƙa hanya ƙwarai, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyin nuna hujja ba: sai an nuna sabon ya kai tsohon, ko ya fi shi, a aiki da ƙarfi da zama a gurbi. Mai jirgi yana iya yin wahalar nema, ya buga waya, ya tambayi ƙungiyar masu irin jirginsa, waɗanda sau da yawa sun fi dillali sanin wace lamba ta gaji wace. Sa hannu dai na makanike mai lasisi ne, kuma gara a tambaye shi kafin a biya kuɗi.

Saura gwanjo. A Amurka akwai filaye cike da jiragen da suka yi haɗari ko suka tsufa, ana kwance su ana sayarwa. Ga ƙofa ko kujera ko murfin inji, wannan rahama ce. Ga makunni kuwa, ni a ganina shi ne zaɓi na ƙarshe, domin wanda aka ciro daga jirgin 1972 sa'an wanda ya mutu ne, ya sha dannawa kamarsa, cikinsa kuma a rufe yake. In dole ta sa, a nemi mai takardar da ke nuna daga wane jirgi ya fito, a auna shi da mita kafin a ɗaura. Takardar nan ba ƙa'idar ofis ce kawai ba. Ranar 8 ga Satumba 1989 jirgin Partnair samfurin Convair 580, daga Oslo zuwa Hamburg, ya tarwatse a kan teku kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka rasu, kuma bincike ya gano notocin jabu a inda wutsiyar ke ɗaure. Bayan wannan ne aka tashi haiƙan a kan kayan da ba a san asalinsu ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga masana'anta tsarkakakke ne. A 2008 FAA ta tilasta canza wasu makunnai masu bireka a jiragen Beechcraft samfurin Bonanza da Baron saboda suna zafi har hayaƙi ya tashi. A 2009 Cessna ta ba da shawarar a riƙa canza makunnin fitilar sauka na jirage da yawa bayan shekara huɗu, FAA ma ta ja hankalin masu jirage a kai. Waɗannan na asali ne, da lambarsu da takardarsu. Bambancin shi ne, da yake an san lambarsu an san jiragen da suke ciki, da matsala ta bayyana sai aka iya bin sawu aka sanar da kowa. Makunnin shago in yana da aibi, ba wanda zai aiko wa mai jirgi da wasiƙa, don ba wanda ya san yana can. Kukan tsada kuma gaskiya ne, ina tare da masu yin sa. Abin da ya fi rage wa mutane wannan wahala a shekarun nan shi ne fitilar LED da aka amince da ita, wadda ke cin kaɗan daga abin da 4509 ke ci, makunni ya samu sauƙi. Amma ko ita ba ta warkar da bakin da ya riga ya ƙone.

A wajenmu jarrabawar ta fi tsanani. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana yaye matuƙa da injiniyoyi, kuma a ƙananan jirage ake fara koyo. Abin da makanike a Kansas zai yi oda yau ya iso gobe, na Kano ko Yamai sai ya nemi dala, ya jira makonni, ya bi ta kwastan. Ƙurar hunturu kuma tana shiga bayan allo ta kwanta a kan ƙafafun makunnai. Ga shi muna da masu rewaya masu basira waɗanda ke tayar da motar da kowa ya fid da rai da ita. Wannan basira abin alfahari ce, amma a jirgi dole ta bi bayan kundi. Dabarar da ta dace a nan ita ce a yi odar makunni biyu lokacin da ake neman ɗaya.

In kaya ya iso, aiki bai ƙare ba. A cire kan batir tukuna. A ɗauki hoton bayan allon, a liƙa wa kowace waya alama kafin a zare ta, sannan a gwada alamomin da zanen wayoyi, don mai yiwuwa wanda ya gabata ya juya su. A dubi bakin wayar da kanta: in irin mai turawa ne ya saki, ko ya yi baƙi, ko robar wayar ta bushe tana karyewa, a yanke a sa sabo, in ba haka ba zai gasa sabon makunnin daga waje kamar yadda ya gasa tsohon. Kunnawa sama ko gaba, rubutun da ke allon ya dace da abin da makunnin ke yi. Bayan an mayar da batir a kunna fitilar a bar ta 'yan mintoci, a taɓa makunnin a ji ko yana ɗumi, a auna wutar da ke ɓacewa tsakanin ƙafafunsa biyu. In na makulli aka taɓa, sai an tayar da inji an tabbatar kowane maganeto yana mutuwa a inda ya kamata, kuma makullin ba ya zaruwa sai a kashe.

Sai littafin jirgi. Doka ta ce a rubuta aikin da aka yi, da kwanan wata, da sa hannu, da lambar lasisi. Makanike mai kula yakan ƙara lambar makunnin da ya cire, da lambar wanda ya sa, da takardar da ya dogara da ita wajen cewa wannan zai iya maye wancan, sannan ya maƙala takardar shaidar da ta zo cikin kwalin a bayan littafin.